Farantin Hajiya Adawiyya

Adjamé, Abijan
12 ga Maris, 2023

Zuwa ga maigidana Alhaji Inusa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata takardar nan ta same ka lafiya. Yaya jikin Inna? Ƙafar tana barinta ta fito tsakar gida? Yaya mutanen Tawa da zafi? Mu nan lafiya lau, sai kewarka, ita ma ba kullum ba.

Kada ka yi mamakin ganin takarda alhali ga waya. Tun da ka koma gida jinyar Inna na lura wayarka a buɗe kake barinta, duk majalisarka na saurare. Ran nan ina yi maka zancen ciwon bayana sai na ji wani tsoho yana ce mini in sha jiƙon sabara. Shi ya sa na nemo biro.

Albishirinka. An ba kamfanin Dakta izinin gwada maganinsu a jikin mutane. Ka bar ni in ci gaba da ce mata Dakta kamar yadda 'yan kasuwa ke yi, ka san 'yarmu ta fari ce, bakina ba ya kama sunanta. Ka tuna ɗakuna biyun nan da ta kama a Treichville, saman shagon tela, da ka leƙa ka ce ko kaji ba za ka kiwata a ciki ba? To yanzu su goma sha ɗaya ne a ciki, har da Mika'ilu, abokin karatunta mai haɗa magani. Sun maƙala allo a ƙofa da sunan Labo Sa'a, wato ɗakin binciken Sa'a. Duk lokacin da na je sai na tsaya a ƙasan allon nan na ɗan jima kafin in iya hawa bene.

Bana shekara goma sha biyu ke nan da amosanin jini ya ɗauke mana ƙanwarta Sa'a. Kai ka riƙe ta, ni na kasa, yayarta kuma tana tsaye bakin ƙofa da kayan makaranta, ba ta yi kuka ba. Ashe tun ranar ta ƙulla abin da ta ƙulla. Maganin da suka haɗa ba ya raba mutum da ciwon, amma suna sa ran zai hana shi yawan tashi.

Yara ɗari da ashirin suke nema. A Treichville sun samu da yawa ta hanyar asibiti, amma a Adjamé ko uwa ɗaya ba ta zo ba. Wa zai miƙa ɗansa ga yara masu farar riga da ba su iya gaisuwa da Hausa ba? Sai na ajiye atamfofina, na bi layin 'yan goro da na 'yan hatsi, rumfa rumfa. Cikin sati biyu na kai mata uwaye ashirin da huɗu. Sun san ni, shekara talatin ni ke raba musu goron suna da naman watanda a babban farantina, ba a taɓa cewa na tauye kowa ba.

An tara mu an yi mana bayani mai tsawo. Wai ƙwayoyin iri biyu ne masu kama ɗaya, rabi na gaskiya, rabi fanko, gari kawai aka dunƙule. Wai ko Dakta ba ta san wa ya samu wanne ba, sai bayan shekara za a buɗe a gani. Ban gane amfanin wannan ɓoye-ɓoye ba, amma na gyaɗa kai, tunda ba zan kunyata 'yata gaban mutane ba.

Ka gaida Inna, ka ce mata zanenta na tafe da direban da ya kawo wannan.

Taka,
Adawiyya

Adjamé
20 ga Agusta, 2023

Alhaji,

Sallama da gaisuwa. Na ji daɗi da ka ce ruwa ya zauna kuma geron ya yi kyau. Yaya Inna? Allah ya ƙara mata sauƙi. Kilishin ya iso, an ci an gode, ko da yake direban ya ɗanɗana fiye da yadda ya dace.

Yau zan ba ka labarin wata dabara da na yi, amma ka riƙe a cikinka.

Ka san Talatu mai goro. 'Yarta Aisha Humaira, wadda da ba ta wata guda ba a kwantar da ita ba, yau wata biyar ko ciwon kai ba ta yi ba. Ta yi kumatu, idonta ya washe, har tsallen igiya take yi. Ita kuwa Ikilima mai hatsi, rumfarta na kallon ta Talatu, 'yarta Hadijatu sau uku ana ƙara mata jini. Ba sai malami ya duba ba, kowa a kasuwa ya gane wa ke shan na gaskiya, wa ke haɗiyar gari.

Ikilima ta same ni a rumfa ta zauna kan dilar atamfa tana kuka. Ta ce ni na kawo ta, ni na ce ta yarda, ga shi tana ba 'yarta fanko safe da yamma da bisimilla. Alhaji, da ta kwatanta mini yadda yarinyar ke cizon filo in ciwon ya tashi, Sa'a na gani. Talatu ma kunya ta hana ta sakewa, har ta daina zuwa da Aisha kasuwa don kada Ikilima ta gan ta tana wasa.

Na ce wannan ba tsarinmu ba ne. Tun da muka zo garin nan ba mu taɓa ci maƙwabci na kallo ba. Ranar Juma'a bayan la'asar na tara su duka a tsakar gidanmu, kowace da kwalbarta. Na wanke farantin, na goge shi tas, muka juye ƙwayoyin gaba ɗaya, na cakuɗa da hannuna, na kasa kashi ashirin da huɗu daidai wa daida. Yanzu kowane yaro zai samu rabonsa na gaskiyar. Da ka ga yadda matan nan suka rungume juna. Mun yi alkawari duk wata in an karɓo sababbin kwalabe haka za mu yi, har mun yi sau biyu.

Ban gaya wa Dakta ba. Aiki ya yi mata yawa, sun ɗauki ƙarin ma'aikata, sun kama benen gaba ɗaya, telan ma ya tashi ya bar musu ƙasa. Kuma ka san 'yan boko, sai su mai da ƙaramin abu babba. Ita ta iya haɗa magani, ni na iya rabo, kowa da fanninsa.

A gaida kowa da kowa.

Matarka,
Adawiyya

Adjamé
9 ga Oktoba, 2023

Alhaji,

Ina gaisuwa. Ina fata kuna lafiya kai da Inna. Ni dai ba lafiya ba, ko da yake ba inda ke mini ciwo.

Amsarka ta zo tun watan jiya. Ka ce in je in gaya wa yarinyar nan tun abin bai yi nisa ba, na ninke takardar na ce tsufa ya sa ka tsoro. Ka yi gaskiya. Ka adana wannan layin, don ba lallai ka sake ganin irinsa daga hannuna ba.

An dakatar da gwajin. Da suka auna jinin yaran Adjamé, sai suka ga maganin a jikin kowa, amma rabi rabi, ba wanda ya samu cikakke. Kwamitin likitocin da ke sa musu ido ya ce tabbas a wurin zuba ƙwayoyi cikin kwalabe aka cakuɗa, kuma in haka ne ba a san kwalba nawa ta lalace ba, har da na Treichville. Sun ce in ba a gano bakin zaren ba nan da ranar Alhamis, za a soke gwajin duka. Aikin shekara bakwai, Alhaji. Masu zuba jarin da suka tsaya musu kuma ba za su tsaya sau biyu ba.

Mika'ilu ne ke kula da zuba kwalaben. An ce ya zauna gida. Mutumin da ko cokali ya ɗauka sai ya rubuta, yau ana yi masa kallon sakarai. Na gamu da matarsa a kasuwa, ta durƙusa ta gaishe ni, ta ce in sa su a addu'a. Na ce to.

Abin da ya fi ci mini rai, Aisha Humaira na kwance a asibiti kwana shida. Ni na ɗebe rabin maganinta da hannuna na raba wa wasu, su kuma rabin bai ishe su komai ba. Hadijatu na nan yadda take. Na ɗauka nama nake kasawa.

Jiya Dakta ta zo gida. Ta rame. Ta zauna a tabarma ta ɗora kanta a cinyata, abin da rabonta da yi tun tana firamare, ta ce, «Maman, na duba ko'ina, ban ga inda muka yi kuskure ba.» Farantin na jingine a bango, taku uku daga inda muke. Na shafa kanta kawai, ban gaya mata gaskiya ba.

Tsoro nake ji. Ba na kwamiti ba, na idonta. Ka yi mini addu'a.

Adawiyya

Adjamé
16 ga Oktoba, 2023

Maigida,

Assalamu alaikum. Yaya Inna, yaya girbi? Na san ka ƙagu, don haka ba zan ja gaisuwa ba.

Ranar Laraba da safe na naɗe farantin a zane na bi rumfunan matan nan. Na ce ni zan je in faɗa, ba na tilasta kowa. Ikilima ce ta fara rufe buhunanta. Talatu ta baro 'yarta da ƙanwarta a asibiti ta same mu a tasha. Mu ashirin da biyar muka cika bas, muka haye gada zuwa Treichville. Ka taɓa ganin matan Adjamé sun yi shiru tun daga tashar Liberté har gada?

Na ajiye farantin a kan teburin Dakta gaban ma'aikatanta na faɗi komai, da ranaku, da sau nawa. Ban ce mu ba, na ce ni. Ta dube ni, ta dubi farantin, sai ta fara faɗa da Faransanci, da sauri har ban tsinci rabi ba, kuma na gode Allah da ban tsinta ba. Daga nan ta fita ta bar mu tsaye. Na ce a raina shi ke nan, na rasa ɗaya a kabari, na rasa ɗaya a tsaye.

Ashe gidan Mika'ilu ta tafi. Tare suka dawo. Na durƙusa zan ba shi haƙuri, ya riga ni kai wa ƙasa, yana cewa in rufa masa asiri in tashi. Shi ne ma ya fara dariya, ya ce sati biyu yana zargin injinsa, ashe injin na Adjamé ya ɗaura ɗankwali.

Ranar Alhamis aka shigar da ni gaban kwamiti, Mika'ilu na yi mini tafinta. Wata tsohuwar likita mai furfura ta tambaye ni dalili. Na ce a wurinmu abin kunya ne ɗanka ya warke na maƙwabciya na kuka. Na ce an gaya mana rabi fanko ne, amma ba wanda ya gaya mana abin da zai faru da 'yan fankon in an gama. Ta daɗe tana rubutu. Sannan ita ta yi mini bayanin da na gane: in ba a bar wasu ba su sha ba, ba yadda za a tabbatar maganin ne ya yi aiki, kuma in ba a tabbatar ba, ba hukumar da za ta bari a ba ko yaro ɗaya a duniya. Wato don in taimaki yara ashirin da huɗu na kusa hana dubbai.

Ga hukuncin. Ba a soke ba, Alhaji! Tunda an san inda ɓarnar ta tsaya, na Treichville na nan daram. Yaranmu za a ci gaba da duba su, amma an cire su daga ƙidayar gwajin, sai an nemo wasu ashirin da huɗu an faro da su daga farko. Wata bakwai na ƙara wa kowa na jira, wannan kuma yana wuyana. Sai dai Dakta ta miƙe ta yi alkawari a rubuce cewa in maganin ya tabbata, duk yaron da ya taɓa shiga gwajin, na gaskiya ya sha ko fanko, zai samu nasa kyauta tun kafin a kai kanti.

A hanyar fita ta tsayar da ni a ƙasan allon. Ba ta ce ta yafe ba, ni ma ban roƙa ba. Ta ce tunda ni na ɓata, ni zan gyara, in nemo mata sababbin uwaye, kuma daga yau ni zan riƙa yi musu bayani, don nata bayanin ga inda ya kai mu. Farantin kuwa ta kulle shi a kabad ɗin ofis. An kama shi, sai ka ce ɓarawo.

An sallami Aisha Humaira shekaranjiya. Na je na gaishe ta, Talatu ba ta bari na gama ba da haƙuri ba ta tura mini goro a baki.

Taka mai laifi,
Adawiyya

Adjamé
2 ga Fabrairu, 2025

Zuwa ga Alhajina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwar mai farin ciki. Yaya sanyi? Yaya Inna? Ka ce mata ta ƙara riƙe sandarta da kyau, akwai labarin da zai sa ta taka rawa.

An buɗe sakamako. Maganin ya yi! Yaran da suka sha na gaskiya, tashin ciwonsu ya ragu fiye da rabi. Dakta ta kira ni ina tsakiyar auna wa wata mata yadi shida, na saki almakashi na rangaɗa guɗa, layin 'yan atamfa ya ɗauka, na 'yan goro ya amsa, har masu tura kura suka tsaya suna tambaya ko biki ake. Matar ta tafi da yadi bakwai, ban bi ta ba.

Ka san wata goma sha biyar ɗin nan ba hutu na yi ba. Uwaye ashirin da huɗu aka ce, na kawo talatin da ɗaya. Kowace sai na zaunar da ita na fara da ba ta labarin abin da na aikata, da Hausa ko da Julanci, in nuna mata Talatu da Ikilima su shaida. Ko ƙwaya ɗaya ba ta sake ƙetare rumfa ba. Ba sauƙi, Alhaji. Hadijatu ta kwanta sau huɗu a cikin jiran nan, sau ɗaya har mun fid da rai. Duk kwanciyar da ta yi ina gefen gadon, don ni na san wa ya tsawaita mata.

Kamfanin da ka hana kajinka yanzu ma'aikata arba'in da shida ne, sun koma wani gini mai hawa uku kusa da babbar kasuwar Treichville. An ba su izinin babban gwaji na ƙarshe a ƙasashe uku, har da Nijar, kuma Dakta ta nace sai an sa Tawa. Ni ma an yi mini kati mai hoto na rataya a wuya. Wata mai zuwa za mu zo tare, ni ce mai yi wa uwaye bayani. Ka gaya wa majalisarka, wannan karon ka bar wayar a buɗe, ina son kowa ya ji, har mai sabara.

Jiya Asabar aka cika alkawari. An tara yaran gwajin duka da iyayensu a farfajiyar sabon ginin. Ina zaune a baya cikin mata sai na ga Mika'ilu ya fito da farantina, an goge shi yana ƙyalli, an jera kwalabe a kai, kowace da sunan mai ita a rufe da hatimi. Dakta ta karɓa ta ratso taron har inda nake. Da Hausa ta yi magana, Hausarta mai ɗingishi, ta ce, «Maman, yau duka na gaskiya ne. Ki raba.»

Hadijatu na fara kira. Ta karɓa da hannu biyu, Ikilima na bayanta ta toshe baki da mayafi. Sai Aisha Humaira, sai sauran, faranti ya ƙare a sake cikawa, har sau tara.

Ka san al'adata, duk rabon da na yi nakan ware kason gida a gefen faranti. Jiya ma hannuna ya tafi zai ware, sai na tuna ba wadda zan kai wa. Shekara goma sha huɗu maganin nan ya makara a gidanmu. Na tsaya da farantin ba komai a kai, hawaye na zuba, ban damu da wa ke kallo ba. Dakta ta zo ta tsaya kusa da ni, ta ɗauko kwalbar da ke hannun wata yarinya ta juya mini bayanta, ta sa yatsa a ƙasan takardar da ke liƙe a jikinta. Sunan kamfanin ne a wurin, da ƙananan baƙaƙe. A nan ta yi kukan da ba ta yi ba a bakin ƙofa da kayan makaranta, na riƙe ta, wannan karon ban kasa ba.

Alhaji, Sa'a ba ta samu kasonta ba, amma jiya da yamma sunanta ya shiga gida ɗari da hamsin da ɗaya, kuma ni na miƙa shi da hannuna.

Ka gaida Inna. Ka sa a gyara mana ɗaki, mu biyu ne, da faranti.

Matarka har kullum,
Adawiyya